Jirgin Malam Zailani Yana Sauka Lafiya

Duk wanda ya ce abin da muke yi wasan yara ne, bai taɓa tsayawa a fili yana kallon aikinsa na wata huɗu yana shawagi a sama ba, ba abin da ya raba shi da ƙasa sai yatsu biyu. A Dutse an sha faɗa mana haka. Har a ƙofar masallacin unguwarmu wani ya taɓa tambayata ko jirgin namu zai kai shi Umara. Na ce masa ya rage tumbi tukuna sai mu duba. Tun daga ranar ba ya amsa gaisuwata da kyau, ni kuma ban ga abin da ya ragu a jikina ba.

Sunana Uwaisu. Gyaran waya da rediyo nake yi a kan titin tasha. Wanda ya jefa ni cikin harkar ƙananan jirage shi ne Malam Zailani, mutumin Miga, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da aikin katako da zane a makarantar koyon sana'a har ya yi ritaya. Shekara tara ke nan da ya shigo shagona da wani rimot mai 'yan sanduna biyu, ya ce waya ta tsinke a ciki. Na like masa da dalma, na tambaye shi na wace irin talabijin ne. Ya dube ni ta saman tabarau kamar na yi ashar, ya ce in ina da sukuni ranar Asabar bayan La'asar in zo in gani da idona.

Akwai wani fako a bayan duwatsu ta hanyar Kiyawa, inda ko ciyawa ba ta yarda ta fito. Nan ne filin jirginmu. Malam shi ke gina jikin jirgi, da farin soson nan da ake samu a cikin kwalin firiji, da siraran katako, da gam, da leda mai launi da yake mannawa da dutsen guga. Hannunsa ba ya kuskure awo. Ni kuma da tafiya ta yi tafiya sai kayan ciki suka dawo hannuna: inji, batir, wayoyi, da saita rimot. Ya ce rubutun da ke kan gilashin rimot ɗin zamani ƙanana ne, masu yin su ba su da tarbiyya.

Yadda ake koya wa sabon hannu shi ne a haɗa rimot biyu. Na malami ne ke magana da jirgi, na ɗalibi kuwa sai ya bi ta cikin na malami. Akwai wani makunni a ƙarƙashin yatsan malami. Muddin yana danne da shi, jirgi na hannun ɗalibi, da ya saki kuwa jirgi ya dawo hannunsa. Haka ya koya min, wata shida cur. Dokokinsa biyu ne. Ta farko, wanda zai karɓi jirgi ya faɗa da baki, ya ce na karɓa, ɗayan ya ji. Ta biyu, mai tuƙi ba ya ɗauke ido daga kan jirginsa ko da kunama ce ta hau masa ƙafa. Na taɓa waiwayawa don wani makiyayi ya yi mana sallama, Malam ya hana ni taɓa rimot sati biyu, ni da nake da mata da 'ya'ya uku.

Bayan ƙaramar Sallar bana na fara lura da wasu abubuwa. In na miƙa masa filaya daga hagunsa, sai hannuna ya gaji bai karɓa ba. Yakan yi tuntuɓe da akwatin kayan aikin da shi da kansa ya ajiye. Sannan wata Asabar jirginsa mai ruwan ɗorawa ya yi kwana ta hagu, sai na ga Malam yana jujjuya kai yana neman sa a sama, alhali ga shi nan ƙuru-ƙuru. Kafin in buɗe baki ya riga ya rungumi bishiyar dabino. Muka tsinto shi gutsi-gutsi. Malam ya ce batir ne ya yanke. Ni na yi cajin batirin, na san lafiyarsa ƙalau. Na ce lallai batiran yanzu ba su da amana.

A lokacin ya kusa gama wani sabo, mafi girma da ya taɓa ginawa, fari fat, bakin fukafukansa ja. Balbela ya sa masa suna. Da ya kawo min shi in sa kayan ciki, na zauna ina kallonsa a kan tebur, zuciyata ba daɗi. Na san in ya tashi ba zai dawo ba. Na kuma san mutumin da ya gina shi. Tun da ya bar aiki ba ya zaman majalisa, ba ya siyasa, ba ya kallon ƙwallo, Asabar ɗin nan ita ce satinsa gaba ɗaya. In ce masa Malam idonka ya samu matsala? Mutumin da ya girme ni da shekara ashirin, wanda ya ɗora hannuna a kan sanda? Bakina ya yi nauyi, sai hannuna ya yi abin da ya iya.

Rimot ɗin yanzu ba sa bukatar waya a tsakaninsu. Na haɗa Balbela da nawa, na mai da na Malam na ɗalibi, ban gaya wa kowa ba. Ranar tashin farko na tsaya a hagunsa, taku ɗaya a baya, rimot ɗina a rataye a wuya kamar mai jiran a gama ya tashi nasa, yatsana yana danne da makunni. Hagun na zaɓa don na san nan ne ba ya gani. Ke nan ba zan ce ban sani ba.

Ya tashe shi da kyau, don tashi ba ya son komai sai hannu. Ya zagaya sau uku. Da ya zo kwanar sauka, jirgin ya fice masa daga ido, na ga hancinsa ya sunkuya yana neman duwatsu. Na saki makunni. Na daidaita shi, na jawo shi ya miƙe ɗoɗar ya fuskanto mu, na rage wuta, na ajiye shi a kan fako a hankali. Shekara tara ina kallon hannun Malam, na san yadda yake sauka, da ɗan ɗaga hancin nan da yake yi a ƙarshe kamar mai gaisuwa. Har shi na yi. Abin da ban yi ba shi ne faɗar kalmar da ya koya min.

"Ka gani ko, Uwaisu?" in ji shi, yana dariya har da buga ƙafa. "Na ce maka batir ne."

"Na gani, Malam."

A hanyar dawowa ya tsayar da mu wurin wata Bafulatana ya sa aka dama mana fura. Rabon da in gan shi cikin farin ciki haka na manta. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har na riƙa ganin kaina mutumin kirki. Asabar ta gaba na sake, ta gaba ma haka. Da farko a kwanar sauka kawai nake karɓa. Kafin ruwan farko ya sauka ina karɓa sau huɗu, sau biyar a tashi ɗaya. Jirgi ya ɓace masa, ya jujjuya kai, ya tsince shi daidai inda ya kamata ya kasance, sai ya ɗauka hannunsa ne ya kai shi.

Wata Laraba cikin watan Yuni, ina cikin kwance wata waya, adaidaita ya tsaya a ƙofar shago. Hajiya Hindatu ce, matar Malam. Ba ta taɓa zuwa shagona ba. Na miƙe da sauri na kakkaɓe mata benci, muka gaisa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce:

"Uwaisu, wurinka na zo, kuma bai san na zo ba. Malam ba ya gani sosai. Jiya ya yi fatali da fulas ɗin shayi, shekaranjiya ya taka jikarsa tana kwance a tabarma. Na yi magana da 'yarmu Sa'adiya, mijinta ya samo mana ganin likitan ido a Kano. Ya ce ba inda za shi."

"Me ya ce dalili, Hajiya?"

"Wai wanda yake sauke jirgi daga nisan da ni ko tsuntsu ba zan hango ba, ba shi za a kai asibitin ido ba. In na matsa sai ya ce in tambayi Uwaisu. To ga ni. Tsakaninka da Allah, da gaske yana sauke jirgin nan?"

Ƙarfen dalma na hannuna yana hayaƙi. Da na ce a'a, da zance ya ƙare a nan. Amma sai na hango Malam yana jin labarin daga bakin matarsa, cewa wata biyu ke nan yana wasa da sandunan banza kamar yaron da aka ba sitiyarin kwali. Na hango kuma fuskar da zai dube ni da ita. Tsoro na ji, ba tausayi ba, yanzu na san bambancinsu.

"Hajiya," na ce, "jirginsa yana sauka lafiya. Asabar ɗin nan ma sau uku ya sauka, ko farfela bai karce ba."

Ta ce yana saukewa, na ce yana sauka. Na laɓe a bayan wannan ɗan bambancin na ce wa kaina ban yi ƙarya da sunan Allah ba. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi, wataƙila tabarau ne ya yi masa rauni. Har albarka ta sa min kafin ta hau adaidaita.

Damina ta yi kyau bana. Duk Asabar ɗin da hadari bai haɗo ba muna fako, gero ya kewaye mu ya fi mu tsayi, Balbela yana yawo a kansa. Kowane sati ina cewa wannan ne na ƙarshe, yau zan gaya masa. Kowane sati sai ya juyo da dariyar nan bayan sauka, ni kuma in ce hannu dai hannu ne, Malam. Na ƙware a abin har ya daina damuna sosai, wannan kuwa shi ya fi ba ni kunya in na tuna.

A farkon watan Oktoba Malam yana kan babur ɗinsa zai je jana'iza, wata amalanken shanu ta fito ta hagunsa. Mutanen da ke wurin sun ce tun daga nesa kowa ya gan ta. Ya goce a kafaɗa, ya fasa goshi. Wannan karon ba a nemi shawararsa ba, surukinsa ya sa shi a mota sai Kano.

Da suka dawo na je dubiya. Yana kwance a ɗaki yana barci, Hajiya ta tare ni a tsakar gida ta faɗa min abin da likita ya ce. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan, kamar mai leƙe ta cikin bututu. An ba shi maganin ɗigawa don a riƙe abin da ya rage, amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Likitan ya yi ta faɗa, ya ce da tun farkon damina aka zo da an ceci mai yawa.

"Ni abin da ya ɗaure min kai," in ji ta, "jirgin nan. Likita ma ya ce ba zai yiwu ba. Malam ya ce masa ai da shaidarsa."

Ba zargina take yi ba, tambayar Allah da Annabi take. Na ce ikon Allah ne. Na ce ana jirana a shago. Na bar ledar lemon da na kawo a kan turmi na fita ban jira ya tashi ba.

Sati uku ban koma ba. Ina jin labarinsa a wurin maƙwabta: an cire ɗaurin kafaɗa, ya fara fita masallaci yana bin bango. Ran nan da hantsi wayata ta yi ƙara, shi ne. Bai yi ƙorafin rashin zuwana ba. Ya ce in yi cajin batir, in zo in ɗauke shi ranar Asabar.

"Malam, jikin fa?"

"Jiki da sauƙi. Sau ɗaya kawai nake so."

Na ɗaura jikin Balbela a bayan babur ɗina, shi kuma ya hau ya rungume fiffiken a tsaye, hannu ɗaya a kafaɗata. Na shirya maganar da zan yi tun daren Juma'a, na ce da mun fita daga gari zan fara. Muka fita daga gari. Muka wuce masu yankan dawa, muka wuce masu ɗaurin dami, muka sauka daga kwalta. Sai wani tunani ya zo min mai daɗin ji: tunda na ƙarshe ne, me zai sa in ɓata masa? Ya samu saukarsa ɗaya mai kyau ya tafi da ita gida, magana ta biyo baya. Na karɓi tunanin hannu bibbiyu, don irinsa nake nema.

Da lalube ya ɗaura fiffiken, bai bari na taimaka ba, kuma ko ɗaya cikin robobin da ke riƙe shi bai kuskure ba. Ya rataya rimot ɗinsa a wuya. Na tsaya inda na saba tsayawa.

Ya ba shi wuta, Balbela ya ruga a kan fako ya ɗaga. Ya hau sosai, ya yi kwana ɗaya ta dama. Daga nan sai ya miƙe ya nufi gabas, ba gyara, ba motsi, yana ta ƙanƙancewa. Iska ta ɗaga masa fiffike ɗaya, ya karkata, hanci ya fara sunkuyawa wajen duwatsu. Na ɗan jira ko zai tsince shi. Bai tsince shi ba. Na saki makunni.

Nisan ya fi na kullum, har sai da na kaɗa shi na ga jan bakin fiffike kafin in gane ko tafiya yake ko dawowa. Na juyo da shi a hankali. Na zagayo da shi ta bayan dabinai yadda Malam yake yi, na daidaita shi da fako, na rage wuta. Idona bai bar kansa ba ko na ƙiftawa ɗaya, yadda aka koya min. Ya taho yana saukowa, ya ɗan ɗaga hanci, tayoyinsa suka taɓa ƙasa ba ko tsalle, ya gangaro ya tsaya kamar taku goma a gabanmu. Ban taɓa yin sauka mai kyau irin wannan ba.

"Ma sha Allah, Malam," na ce. "Hannu dai..."

Na juya. Rimot ɗinsa na lilo a ƙirjinsa. Hannayensa biyu suna goye a bayansa, kamar yadda yake tsayawa a gaban aji. Ba sama yake kallo ba. Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajena, yana nemana da ɗan abin da ya rage masa, har ya same ni, ya sauko da idon kan yatsuna da ke bisa sanduna.

Farfela ta gama juyi ta tsaya. Can nesa wani yana kora shanu.

"Tun kwanar farko na sake shi," in ji shi. Muryarsa ba ta tashi ba. "Tun yaushe, Uwaisu?"

"Tun ranar da Balbela ya fara tashi."

"Cikin saukar nan duka, guda nawa ne nawa?"

Na so in ce wasu. Na buɗe baki da niyyar in ce wasu.

"Babu, Malam."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa awon da ya riga ya zata.

"Da nake kwance na yi ta lissafi. Na ce ko likita ne bai san aikinsa ba, ko ni ne na haukace. Ban kawo ka a raina ba sai daga baya, da na kawo ka ma sai na yi istigfari." Sannan ya ce, "Na gan shi fa, Uwaisu. Duhun nan na gan shi yana matsowa tun azumi. Ranar Juma'a sai in ce gobe zan ce wa Hindatu mu tafi asibiti. Ranar Asabar sai jirgi ya sauka."

"Malam, don Allah ka yafe min. Gani na yi in ka rasa wannan..."

"Hindatu ma ka gaya mata haka? Ta ce min ta je wurinka."

Bai jira amsata ba. Ya cire igiyar rimot daga wuyansa, ya durƙusa ya ajiye shi a ƙasa a hankali, don bai iya wulaƙanta kayan aiki ba ko yana cikin wane hali. Na matso zan kama hannunsa, ya janye. Ya juya ya kama tafiya shi kaɗai, wajen da yake zaton mun ajiye babur.

Ba nan babur yake ba. Malam ya karkata hagu da yawa, kuma ta wajen akwai wani rami da ruwan bana ya zaizaye a bakin fako, zurfinsa ya kai ƙugu. Na bi shi a baya da sauri ba ƙarar taku. Na ga hannuna ya miƙa da kansa zai kama gefen rigarsa, ya ɗan karkatar da shi yadda ba zai ji ba. Saura kaɗan in taɓa shi na mai da hannun.

"Malam," na ce, "akwai rami a gabanka, taku uku. Ba ka gan shi ba. Yi dama."

Ya tsaya cak. Ya daɗe a tsaye, bayansa gare ni, iska na kaɗa masa riga. Sannan ya yi dama.